Abin da Aka Ciro Daga Cikin Madam

A gidanmu na Talaje wuta biyu ce take mulki da yamma. Akwai ta kan waya, wadda take ɗaukewa duk lokacin da ta ga dama, musamman idan ana tsakiyar wasan ƙwallo a talabijin. Akwai kuma wutar Kaka, wadda ba ta taɓa ɗaukewa ba. Da an kira magariba a masallacin bayan gidanmu, Kaka za ta jawo murhunta tsakar gida, ta zuba gawayi, ta tura ɓawon gyaɗa a ƙarƙashi, ta yi ta fifita har ya kama. Duk matan layinmu da leda suke kunna gawayi, minti ɗaya an gama. Kaka ta ce ita ba za ta dafa kunu da warin ƙonannen takalmi ba. Mama ta nuna mata gas sau ya fi ɗari. Ta kalle shi ta ce abin da yake huci kafin a taɓa shi ba abokin zama ba ne.

Ina da shekara goma aka kawo ta daga Dogon Dutsi saboda ciwon gwiwa. Ta zo da akwatin ƙarfe, da turmi, da jar akuya ɗaure a saman mota tana kallon Yamai kamar ta zo karɓar haya. Saboda wannan kallon ne na sa mata suna Madam, sunan kuma ya bi ta, har Kaka ta haƙura ta kama.

Madam ba akuyar kasuwa ba ce. Ranar da aka kai Kaka ɗakin mijinta, uwarta ta ba ta ƴar akuya ja, ta ce kada ta bari irin ya yanke. Madam jikar jikar jikar waccan ce, na manta yawan jikokin, Kaka kuwa tana iya jero su da sunayensu kamar yadda fasto yake jero zuriyar mutanen dā a majami'a. Fari ya zo ya wuce, an sayar da shanu, an sayar da jaki, amma kullum akwai jar akuya ɗaya a bayan ɗakin Kaka. Da hannunta take ba ta dusa da harawa. Idan ta tashi yin addu'ar safe, sai ta sa mu a ciki, ni da ƙanwata Rahila, sannan ta sa Madam, kuma na rantse addu'ar Madam ta fi tamu tsawo.

Bayan an ci tuwo, mukan baje tabarma kusa da murhun. Baba, wanda yake mushen lakwal, wato malamin makaranta, yana gefe da takardun gyara da fitilar caji, yana yi kamar ba ya saurare. Mama, idan ba ta da aikin dare a likita, wato asibiti, tana tsinke zogale. Kaka ta miƙe ƙafar da take ciwo, ta gyara murya.

"Ga ta nan tafe, ta sha hanya."

Rahila ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Ni kuwa sai na ƙara nawa: "Ta cire takalmi dai, an yi shara."

"Kai, mijin nan nawa, bakinka ya fi gonarka girma. Da surutu ake ciyar da mace, da na fi kowa ƙiba a unguwar nan."

Haka muke kullum. Ba ta kai ƙarshen tatsuniya ba tare da na tare ta sau goma ba. Idan ta ce kura ta yi magana, in tambaya da Zabarmanci ko da Faransanci. Idan ta ce sarki yana da doki dubu, in tambaya wa yake kwashe kashin. Tana zagina tana dariya har tari ya kama ta.

To, ga laifina, in faɗe shi tun kafin in fara kare kaina.

Mama ta hana mu cin abincin titi. Duk cutar da ta gani a likita da rana, da yamma sai ta ce daga ƙosan bakin hanya ta fito. Ni kuma Allah ya halicce ni da son ƙosai da yaji, irin wanda ake zubawa a baƙar leda, mai ya jiƙe ta har tana ƙyalli. Ba na iya ci a waje, domin kowace mace a layinmu ƴar rahoton Mama ce. Sai in cusa shi cikin riga, yana ƙona mini ciki, in shige bayan garken Madam in cinye. Matsalar ita ce ledar. Mama tana duba kwandon shara kamar jandarma, tana sunsunar aljihu.

Wata rana ina cikin lasar yatsa na ji takunta. Kafin in yi tunani, Madam ta miƙo wuya ta fizge ledar, ta tauna sau uku, ta haɗiye. Mama ta leƙo, ta ga yaro mai hankali yana shafa akuyar kakarsa. Har ta yaba mini.

Na ji kamar na gano man fetur a tsakar gida. Daga ranar Madam ta zama kwandon sharata. Da na lura wani lokaci bakin ledar yana lilo a leɓenta, sai na ƙirƙiro dabara: in nannaɗe ta, in yi mata ƙulli biyu, ta zama kamar ƙwallon goro, in shafa sauran yaji a kai. Haɗiya ɗaya, babu shaida. Na yi wannan da ledar ƙosai, da ta awara, da ta ƙanƙarar bisap, wato zoɓo. Lokacin bakansi, da aka ba mu hutu, har abokaina nake kawowa kallo, kowa ya zo da tasa ledar, ni ne mai ɗaurewa, ni ne mai jefawa, ana tafi. Na sha jin an ce leda tana kashe dabba. Na ɗauka irin maganar manya ce, kamar yadda suke cewa wanda ya haɗiye ƙwallon mangwaro bishiya za ta fito masa a ka. Ga Madam nan tana ci tana neman ƙari.

Wajen ƙarshen damina aka kai ta gidan wani mai bunsuru a Bukoki, ta dawo da ciki. Kaka ta yi rawa da ƙafa ɗaya. Ta ce idan mace aka haifa, tawa ce, ni zan riƙe irin bayan ranta.

Sai Madam ta fara ramewa. Cikin yana girma, ƙashin baya yana fitowa. Ta daina tuƙa. A zuba mata dusa ta sunsuna ta kau da kai. Baba ya kira likitan dabbobi, wani dogo mai babur, ya zo ya danna cikinta ta hagu, ya daɗe yana dannawa, sannan ya ɗago.

"Inna, tana fita kiwo? Ko tana samun leda?"

"Ina! A ɗaure take. Abin da ya shiga bakinta, ta hannuna ya bi."

Ya ce idan leda ce, ana iya tsaga cikin a fitar, kuma sau da yawa dabba tana tashi. Amma ba zai tsaga akuya mai ciki a kan zato ba. Ya ba da maganin tsutsa, ya ce a kira shi idan an tuna wani abu, kada a wuce kwana biyu.

Ina tsaye a wurin, ni ne ma nake riƙe da igiyar. Bakin nan nawa da ya fi gonata girma, ranar ko buɗewa bai yi ba. Ina ta lissafin bulalar Baba, da fuskar Mama, ina gaya wa kaina wataƙila tsutsar ce da gaske.

Da yammar kwana na biyu Kaka ta daɗe a garke. Na hango ta durƙushe a kan gwiwar da take ciwo, tana latsa cikin Madam da tafin hannu. Sannan ta fito. Ta kunna murhu, aka ci tuwo, aka baje tabarma. Muna jin nishin Madam daga inda muke.

"Ga ta nan tafe, ta sha hanya."

Rahila ta amsa. Ni na shiga tsinkar bakin tabarma.

Tatsuniyar wata mata ce mai ƙyuyar wanke-wanke. Kullum ƙorenta a jibge, ƙuda na biki a kai. Wata rana ta kwashe su ta kai bakin tafki, ta zauna tana kuka. Sai wata tsohuwa ta fito daga kogon kuka ta tambaye ta abin da ya faru. Ta ce ta gaji da wanke ƙwarya. Tsohuwar ta sa hannu a zane ta ciro wani abu baƙi, marar nauyi, mai ƙara kamar busasshen ganye. Ta ce, "Zuba tuwo, zuba miya, ba ya yoyo. In kin gama ki yar, gobe za ki tarar da wani a ƙarƙashin matashinki. Sharaɗi ɗaya ne. Shi ba ya mutuwa. Duk wanda kika yar, ke za ki nemo masa wurin kwana."

Matar ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta yi ta ci tana jefawa bayan ɗaki. Da suka yi yawa, sai suka fara kiranta: "Uwar gida, ina za mu kwana?" Kaka takan siranta murya a nan, har gashin jikin mutum ya tashi.

Matar ta kwashe su ta kai wa ƙasa. Ƙasa ta ce, "Na san ƙwarya, na san ganye, ƙashi ma in an ba ni lokaci ina ci. Wannan ban san uwarsa ba." Ta kai wa ruwa. Ruwa ya ɗauke su, suka shaƙe masa wuya, ya juyo da fushi ya shiga ɗakinta har gado. Ta kai wa wuta. Wuta ta ci, ta yi tari, jaririn matar ya kama tarin. Iska ta ce a ba ta, ta kwashe ta rataye su a kan bishiyoyi, tsuntsaye suka yi ƙaura. Da suka ga kowa ya ƙi su, sai suka ce su za su nemi masauki da kansu, wuri mai duhu mai ɗumi. Suka shiga cikin saniyar matar. Suka shiga cikin tumakinta. Aka wayi gari garke babu mai motsi, saura guda ɗaya a bakin ƙofa yana cewa, "Uwar gida, saura ni."

Kaka ta tsaya nan, ta tura gawayi da tsinke.

Rahila ta ce, "Sai me, Kaka?"

"Sai matar ta samu dare ɗaya. In ta fita ta gaya wa mutanen gari abin da ta karɓo a bakin tafki, akwai mai magani. In ta yi shiru, shi ke nan." Ta juyo ta dube ni. "Angona, yau ba tambaya? Ba za ka ce a zamanin dā ina aka samu irin wannan abu ba?"

Na ce kaina ke ciwo.

"To. Allah ya sawwaƙe. Ni dai ina nan, ban yi barci ba tukuna."

Ta daɗe zaune bayan kowa ya tashi. Ina kwance ina jin ƙarar mafici. Sau biyu na sauko da ƙafa daga gado, sau biyu na mayar.

Da safe Madam ta kasa tashi. Idonta ya juye. Baba ya ce a yanka kafin ta mutu a banza. A gidanmu ba ma yanka da kanmu, Baba Hamani mahauci ake kira, domin idan shi ya yanka, duk maƙwabta suna iya cin naman. Ya zo da wuƙaƙensa, ya gaida Kaka da Zabarmanci, ya ƙara da Hausa, ya ba ta haƙuri. Kaka ta shafa wuyan Madam, ta shige ɗaki har aka gama.

Wajen fiɗa ta fito. Aka fara ciro ƴaƴan, guda biyu, an gama halittarsu har da ƙananan kofato. Ɗaya mace ce. Sannan Baba Hamani ya tsaga tumbin. Abin da ya faɗo cikin bahon bai yi kama da abinci ba. Wani dunƙule ne baƙi, ya fi kaina girma, kuma kaina ba ƙarami ba ne. Ya ɗaga shi da hannu biyu yana salati.

Baba ya fusata. Ya ce ledojin mai ƙosan bakin layi ne iska take kwasowa ta katanga, yau sai ya je wajen mai unguwa. Baba Hamani yana zuba ruwa a kan dunƙulen yana ɓarewa da yatsa. Ya ciro ɗaya, ya juya shi. Ya ciro wani.

"Inna, ni na daɗe ina fiɗa. Na ga leda, na ga soso, na ga silifa. Amma akuyar da take ɗaure leda ƙulli biyu kafin ta..."

Kaka ta dube shi. Kallo ɗaya. Ya haɗiye sauran maganar, ya koma kan wuƙarsa. Ta sunkuya ta ɗauki bahon da kanta, ta ce wa Baba, "Yohanna, ba inda za ka. Bar matar mutane ta yi sana'arta."

An raba nama gida-gida. An yi miya a gidanmu, ƙamshi har titi. Na ce cikina ke ciwo. Wannan karon ba ƙarya ba ce.

Da yamma Kaka ta kunna murhu kamar kullum. Na yi niyyar ɓuya, ta aiko Rahila ta kira ni. Na tarar ta wanke ledojin tas, ta zuba su a faifai, ƙananan ƙwallaye baƙaƙe, kowanne da ƙullinsa biyu. Ta tura faifan gabana.

"Yatsuna sun tsufa. Kwance mini su."

Na fara kwancewa. Wasu sun riƙe, sai da haƙori. Ɗanɗanon yana bakina har yau. Baba ya ajiye jan bironsa yana kallo, Mama ta daina tsinke zogale.

"Yau na gaji," in ji Kaka. "Maigidana ne zai yi mana tatsuniya."

Na dube ta. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi fushin ciwo. Na buɗe baki, muryar da ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Ga ta nan tafe."

Ba wanda ya amsa sai ita. "Ta zo mu ji ta."

Na ce akwai wani yaro mai son ƙosai. Na faɗi bayan garke, na faɗi takun Mama, na faɗi ƙulli biyu da yaji, na faɗi abokai da tafi. Da na zo wurin likitan dabbobi da igiyar da take hannun yaron, sai na manta da yaron, na ce "ni". Daga nan kuka ya ƙwace sauran.

Baba ya miƙe yana zare bel. Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Zauna, Yohanna. A gidan ubana ba a dukan mai tatsuniya."

Ya tsaya, ya zauna. Ta jira na share majina, sannan ta ce, "Ƙurunƙus. Ta zo a makare, amma ta zo." Ta karɓi ledojin da na kwance, ta ninke su, ta sa a ƙasan akwatinta na ƙarfe. Da Rahila ta tambaye ta me za ta yi da su, ta ce, "Wurin kwana suke nema. Na ba su."

Shi ke nan. Ba ta zage ni ba, ranar ko bayanta. Washegari ta kira ni angonta, ta aike ni sayen gawayi. Baba ya so ya sayo mata wata jar akuya, ta ce a bari, ja dai ja ce, amma ba ta san uwarta ba. Addu'ar safe ta gajarce. Bayan shekara biyu ta ce a mayar da ita Dutsi, can ta rasu da sanyin da ya biyo.

Yanzu ina da shekara goma sha bakwai, ina lise, babbar sakandare. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin wa'azi a kan leda, irin wanda ake yi mana a lakwal ranar tsabta, a ba mu tsintsiya a ɗauki hoto. Sai bara, ina wanke kwano, abin ya faɗo mini: Kaka ba ta taɓa jin wannan tatsuniya a wurin kowa ba. A garke ta ƙirƙire ta, tana durƙushe, bayan hannunta ya gaya mata abin da ke cikin Madam. Ta san a ɗaure akuyar take, ta san wanda yake yawan zama a bayan garke. Tana iya kama kunnena ta murɗe, gaskiya ta zubo cikin minti ɗaya, a kira mai babur. Ta zaɓi ta buɗe mini ƙofa ta zauna tana jira in shigo da ƙafata. Ta yi caca da irin akuyar uwarta a kan cewa jikanta zai yi magana. Ban san ko ta yi daidai ba. Na san dai abin da ni na yi da daren.

Ba zan ce na zama waliyyi ba. Ina zuwa sayen ƙosai da kwanon silba a jakar lakwal, ƴan ajinmu suna kirana tsohuwa. Idan mai butiki ya miƙo mini leda saboda ashana ɗaya, ina mayar masa, ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce bolar da take kan hanyarmu, inda awakin unguwa suke kiwo. Ba na iya wucewa in ga leda tana lilo a bakin akuya. Sai na jefar da jaka na bi ta. Na faɗa kwata saboda wannan, an tunkuye ni a wurin da ba zan rubuta ba.

Watan jiya na kama wata baƙa, na matse ta tsakanin gwiwoyina, na zura hannu har wuyan hannu ina jawo ledar. Mai ita ya fito da sanda, wani dattijo, ya ɗauka sata nake. Ya zage ni da Zabarmanci, ya ga kamar ban ji da kyau ba, ya sake da Hausa. Ya ce ni mugun yaro ne marar tausayin dabba, wanda bai san zafin kiwo ba, kuma duk wadda ta rene ni ta yi asarar wahalarta. Mutane suka taru. Ledar tana hannuna, da na ɗaga ta an gama magana.

Ban ɗaga ba. Na tsaya na sunkuyar da kai har ya gama. Zagin ya makara da shekara shida, kuma ba daga bakin da ya kamata ya fito ba, amma nawa ne.